Dangin Wake

Eloy ya bugo waya tun kafin asuba,
ya ce goɗiyarsa ta daina gane ƙofa.
Mil talatin na tuƙa daga Clayton,
hanya miƙe kamar zaren da aka ja,
ba gida, ba inuwa, sai shingen waya da iska.

Na iske ta tsaye a bakin komin ruwa,
tana ɗaga ƙafa sama don ta tsallake tsinke
kamar gungume aka gindaya mata.
Ido a buɗe, amma ba kowa a ciki.
Na ce, Paloma. Ta zabura,
ta dube ni kallon wanda ya zo da mugun labari.

Eloy bai yi magana ba.
Ya kai ni bayan tudu, ya nuna da bakin takalmi.
Ga ta kwance, ko idon sawu ba ta kai ba,
ganye biyu-biyu a jere irin na tsamiya,
da furfura a jiki kamar an yayyafa toka,
fure shunayya, ƙanana, sun taru suna gulma.

Na durƙusa.
Wallahi na san fuskar nan.
Leɓe sama, leɓe ƙasa, ɗan baki a tsuke,
haka furen wake yake a gonar kakata a Ɓaɓura,
haka na gyaɗa, haka na gujiya.
Ke 'yar gidanmu,
wa ya kawo ki nan, kuma me kika zama?

Na tona da wuƙa, saiwa ta ƙi ƙarewa.
Taki ɗaya, taki biyu, har wuƙar ta gaji.
A jikinta ga 'yan ƙulle-ƙullen nan
da danginta ke bar wa ƙasa tukuici.
An ce zumunta a ƙafa take;
tata a saiwa ta ɓoye.
Tana ciyar da ƙasa daga ƙasa,
daga sama tana kwance wa doki kai.

Ita ke fara kore idan ƙanƙara ta narke,
sa'ad da duk makiyaya ke nan kamar tsohuwar tabarma.
Dabba mai yunwa ba ta tambayar asali.
Ta ɗanɗana yau, ta ɗanɗana gobe,
jibi ko ka zuba mata harawa
sai ta wuce ta, ta tafi bayan tudu.

A makaranta an ce mana ba laifinta ba ne duka.
Wani baƙo ne da ido ba ya gani
ya sauka a cikinta tun tana ƙwaya,
shi ke dafa dafin, ita ke ɗaukar suna.
Na so in gaya wa Eloy haka.
Sai na ga sirdi ƙarami rataye a shinge,
na jikarsa Marisela,
na haɗiye karatuna.

Ya ce, za ta warke?
Na ce za ta ci, za ta yi ƙiba,
za ta san muryarka wasu ranaku.
Amma kada yarinyar ta sake hawa.
Ya cire hula, ya dubi cikinta,
ya mayar.

Da zan tafi na tsinci kwanson bara,
busasshe, kumburarre, mai nauyin numfashi.
Na jefa shi gaban mota.
Duk ramin da na faɗa sai ya kaɗa,
caka, caka,
irin ƙarar da ke tashi in Inna tana sheƙar wake.

Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba.
Amma ban iya tsine mata ba.
Baɗi, in ƙanƙara ta janye, tana nan a gurbinta,
ita ce farkon fitowa,
ni kuma wayata tana gefen gado.